Ɓeran da Ake Bai wa Mesa: Mai Rai ko Daskararre?

Shekara shida ke nan ina kiwon wata ƙaramar mesa a gidana da ke jihar Ohio ta Amurka, kuma tun ranar da ta shigo hannuna ban taɓa jefa mata ɓera mai rai ba, matacce nake saya wanda aka daskarar a firiza, in narkar in ba ta. Ban yi niyyar rubuta komai a kan wannan ba sai da wani ƙanena da ke zaune a Kaduna ya kira ni kwanakin baya, ya shaida mini cewa shi ma ya samu irin wannan mesa a wurin wani mai sayar da namun daji. Bayan mun gaisa na tambaye shi abin da zai riƙa ba ta, sai ya ce, "Yaya, ai wannan ba abin damuwa ba ne. Ga ɓeraye nan sun addabe mu a ɗakin ajiyar hatsi, sai in ɗana musu tarko, wanda na kama da rai in saka mata, ta yi farautarta kamar yadda ta saba a daji." Na roƙe shi ya dakata tukuna, na ba shi 'yan dalilai a gurguje, amma bayan mun ajiye waya na ga cewa maganar ta fi ƙarfin hirar minti goma, domin ta shafi lafiyar mesar, ta shafi irin mutuwar da ɓeran zai yi, ta kuma shafi lafiyar mutanen gidan.

Mesar da nake magana a kanta ba babbar nan ba ce da muka sani tana haɗiye akuya. Ƙarama ce, wadda masana ke kira Python regius, ba ta da dafi, kuma da wuya tsawonta ya wuce mita ɗaya da rabi. Idan ta tsorata ba ta cika sara ba, sai dai ta dunƙule ta cusa kanta a tsakiyar jikinta, abin da ya sa Amurkawa suka laƙaba mata sunan ƙwallo ke nan. Asalinta Afirka ta Yamma ne da ta Tsakiya, har da Najeriya, kuma an daɗe ana fitar da ita da yawa daga Togo da Benin da Gana zuwa Amurka da Turai, inda ta zama ɗaya daga cikin macizan da aka fi ajiyewa a gida. Tana da tsawon rai ƙwarai. A hannun mai kula da ita takan yi shekara 20 zuwa 30, kuma a shekarar 2020 wata da ke gidan namun daji na birnin St. Louis ta saka ƙwai tana da kimanin shekara 62 a duniya. Wanda ya riƙe ta shekara 25 yana ciyar da ita sau ɗaya a mako biyu, zai buɗe mata akwati da abinci a hannu sama da sau 600. Ko da haɗarin ɓera mai rai kaɗan ne a ciyarwa guda, da yawan waɗannan lokuta ya kamata a lissafa shi.

Tawa ta zo mini da tabo. Na karɓe ta ne daga wani mutum da zai ƙaura zuwa gidan hayar da ba a yarda da dabbobi ba, kuma da na ɗauke ta a karon farko na ga wani dogon wuri a gadon bayanta, faɗinsa kamar yatsa biyu, tsawonsa ya kusa tafin hannu, inda fatar ta yamutse kuma ɓawonta bai jeru ba kamar na sauran jikin. Mutumin bai ɓoye mini komai ba. Ya ce wani dare ya saka mata ɓera mai rai kamar yadda ya saba yi shekara uku ba tare da wata matsala ba, ya rufe akwatin ya tafi ya kwanta. Bai lura cewa idanunta sun yi hazo ba, alamar tana gab da yin saɓa, kuma a irin wannan lokaci yawancin macizai ba sa cin abinci. Da gari ya waye ya tarar da ɓeran yana zaune a kusurwa lafiya lau, ita kuwa tana dunƙule, an gwaguye mata baya har naman ya bayyana. Ya kai ta wurin likitan dabbobi, aka yi watanni ana wanke raunin ana ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta rayu, amma har yau duk lokacin da za ta yi saɓa a wannan wurin tsohuwar fatar ke maƙalewa, sai na jiƙa shi da ruwan ɗumi na taimaka mata.

Mutane da yawa sukan yi mamaki idan na ba da wannan labari, suna tambaya yadda za a yi ɓera ya ci maciji yana kallo. Amsar tana cikin halittar dabbobin biyu. Maciji ba ya kashe ɓera don kare kansa, yana kashe shi ne idan yana jin yunwa kuma yanayin jikinsa ya yi daidai da farauta. Idan ba ya son abinci, ko wurin ya yi masa sanyi, ko yana shirin saɓa, to abin da ya sani kawai shi ne ya gudu ko ya ɓuya, ita kuwa wannan mesa ɓuyarta dunƙulewa ce, wadda ke kare kai ta bar baya a fili. Shi ɓera a nasa ɓangaren dabba ce mai ɗumin jini da ba ta jure yunwa da ƙishirwa na tsawon lokaci, kuma haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro muddin yana raye, da su yake huda katako da buhu da roba mai tauri. Idan aka rufe shi dare guda ba abinci ba ruwa, zai gwagwiyi duk abin da ya samu. Ko a lokacin da mesar ta kai hari ma ba a tsira ba, domin idan ta kama shi ta ƙugu maimakon ta wuya, kansa yana sake, kuma a 'yan daƙiƙoƙin da suka rage masa zai ciji abin da ya fi kusa da bakinsa, ko ido ne, ko leɓe, ko gefen jiki. Cizo a baki shi ya fi muni, saboda yakan rikiɗe ya zama ruɓewar baki, wadda ke hana maciji cin abinci gaba ɗaya. Raunin maciji kuma ba ya saurin warkewa irin na kyanwa ko kare, sai an yi saɓa da yawa kafin wurin ya rufe. Masu cewa ai suna tsaye a kan akwatin suna kallo sun rage haɗarin barin ɓera dare guda, wannan gaskiya ne, amma hannun mutum bai kai saurin haƙorin ɓera ba.

Hujjar da ƙanena ya kawo ita ce wadda kowa ke kawowa, cewa haka abin yake a daji. Na ɗauki wannan hujja da muhimmanci domin tana da kamar gaskiya, sai dai idan aka duba yadda mesar ke rayuwa a dajin za a ga bambancin. Da rana tana kwance a ramin ɓera ko a cikin shuri, sai dare ya yi ta fito ko ta yi kwanton ɓauna a bakin rami. Ita ke zaɓar daren da za ta yi farauta, ita ke zaɓar abin da za ta kai wa hari, kuma idan ba ta so ta bar shi ya wuce. Ɓeran da ya hango ta yana da daji guda da zai gudu cikinsa, ita ma idan ya fi ƙarfinta tana da inda za ta shige. A cikin akwati kuwa mutum ne ya zaɓi daren, shi ya zaɓi ɓeran, shi ya kuma toshe wa kowannensu hanyar gudu. Ɓeran da ya rasa mafita faɗa yake yi, kuma ɓeran da ake kiwo ana ƙosar da shi sau da yawa ya fi na daji girma da ƙarfi. Abincinta na daji ma ba shi ne wanda muke ba ta ba. Wani bincike da Luca Luiselli da Francesco Angelici suka buga a shekarar 1998 a kan waɗannan mesoshi a kudu maso gabashin Najeriya ya nuna cewa mazan sun fi cin tsuntsaye, matan kuma sun fi cin ƙananan dabbobi masu shayarwa. Haka kuma masana sun tattara rahotanni masu yawa na macizai iri-iri da aka gani suna cin mushe a daji, don haka karɓar abin da ya riga ya mutu ba baƙon abu ba ne a wurin maciji.

Akwai kuma ɓeran kansa, wanda ba a cika sa shi a lissafi ba. A nan dole in faɗi abin da bai goyi bayana sosai ba. An daɗe ana zaton mesa tana kashe abin da ta kama ne ta hanyar hana shi numfashi, mutuwa mai tsawo da azaba, amma binciken da Scott Boback da abokan aikinsa suka buga a shekarar 2015 ya nuna cewa matsewar tana tsayar da gudanar jini ne cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, don haka idan kamun ya yi kyau ɓeran ba ya daɗewa cikin hayyacinsa. Haka nan iskar kabon dayoksaid da gonakin kiwon ɓeraye ke amfani da ita wajen kashe su kafin a daskarar ba za a ce ba ta da wahala ko kaɗan ba. Duk da haka ina ganin bambancin yana nan. Wahalar ɓera mai rai ba ta tsaya ga lokacin matsewa ba, ta haɗa da ɗauko shi a kwali, da jefa shi wurin da ƙanshin maƙiyinsa ya cika, da mintocin da zai yi yana karakaina yana neman hanya, da harin da ya kuskure ya ji masa ciwo bai kashe shi ba, da mayar da shi kwali idan an ƙi cinsa a sake kawo shi mako mai zuwa. Mu da muka tashi a gidajen Musulmi mun san hadisin da Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, idan za a yi kisa a kyautata kisan, idan za a yi yanka a kyautata yankan, a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. An halatta kashe ɓera saboda ɓarnarsa, amma ban ga inda wannan halacci ya kai ga tsawaita masa firgici alhali akwai hanyar da ta fi sauƙi ba.

A Ingila dokar kula da dabbobi ta shekarar 2006 ba ta ambaci ciyar da maciji da sunansa ba, amma ta haramta jawo wa dabba wahalar da ba dole ba, kuma saboda haka masu kiwon macizai a can kusan duka daskararre suke bayarwa. A nan Amurka kuwa har yanzu akwai kantunan da za ka shiga ka sayi ɓera mai rai a kwali. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne faifan bidiyon da ake ɗorawa a YouTube da Facebook, inda ake haska fitila a kan akwati ana jiran harin domin masu kallo su yi ta yawa. Wannan ciyarwa ba don mesar ake yin ta ba.

Kada a ɗauka daskararren ɓera ba shi da nasa haɗarin. Sanyin firiza yana kashe tsutsotsi da wasu ƙananan halittu masu zama a jikin ɓera, amma ba ya kashe ƙwayar cutar Salmonela, wadda ke sa mutum zazzaɓi da gudawa mai tsanani, kuma ta fi yi wa ƙananan yara da tsofaffi illa. A shekarar 2014 hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta bi diddigin ɓarkewar wannan cuta a mutum 41 cikin jihohi 21 har zuwa daskararrun ɓerayen da ake sayarwa domin macizai, kuma Birtaniya ma ta sha fama da irin haka. Wannan ya sa na sayi ƙaramar firiza ta daban na ajiye a gareji, ba na haɗa ɓerayen da abincin gida, kuma bokiti da hantsakin da nake amfani da su ba sa shiga kicin. Bayan kowace ciyarwa ina wanke hannu da sabulu sosai, kuma 'ya'yana ba sa taɓa kayan.

Narkar da shi ma yana da ƙa'ida, kuma a nan ne sababbin masu kiwo suka fi yin kuskure. Nakan ciro ɓeran da rana in saka shi a leda mai rufewa, in nutsa ledar a ruwan sanyi na wasu sa'o'i har ya saki gaba ɗaya. Sannan in danna cikinsa da ƙirjinsa da yatsa, domin idan akwai sauran ƙanƙara a tsakiya za a ji tauri da sanyi, kuma mesar da ta haɗiye irin wannan tana iya amayar da shi bayan kwana ɗaya ko biyu, abin da ke galabaitar da ita har sai an bar ta ta huta kamar mako biyu kafin a sake ba ta wani. Idan ya saki sai in mayar da ledar cikin ruwan zafi wanda hannu ke iya jurewa, na minti goma sha biyar zuwa ashirin, har jikin ɓeran ya kai kusan digiri 38 a ma'aunin Salshiyas, wato ɗumin ɓera mai rai. Ba a saka shi a na'urar ɗumama abinci ta makirowef, saboda tana dafa wani wuri ta bar wani da ƙanƙara, kuma cikin yana iya fashewa. Ba a zuba masa tafasasshen ruwa. Wanda aka narkar aka ƙi ci kuma zubar da shi ake yi, ba a mayar da shi firiza. Game da girma, kaurin ɓeran kada ya wuce kaurin wurin da ya fi kauri a jikin mesar, kuma bayan ta ci ba na ɗaukarta sai an kwana biyu. Ta fuskar gina jiki ban ga wani abin da mesata ta rasa ba, tunda ɓeran cikakke ne da ƙashinsa da hantarsa da gashinsa, amma ba na sayen abin da zai wuce wata shida a firiza, domin daɗewa yana busar da shi ya canza masa ƙanshi.

Wahalar gaske ita ce sauya wa mesar da ta saba da mai rai. Wannan nau'i ya yi suna wajen ƙin abinci, musamman a lokacin hunturu, kuma babba mai lafiya tana iya yin watanni ba ta ci ba ba tare da ta rame sosai ba. Tawa mako tara ta yi tana ƙin duk abin da na miƙa mata. Zan narkar da ɓera, in ɗumama, in riƙe da hantsaki a bakin maɓoyarta, ta leƙo ta kaɗa harshe sau biyu ta koma ciki. A mako na biyar na fara tunanin ko ina zaluntarta ne saboda ra'ayina, na kai ta wurin likitan dabbobi. Ya duba bakinta, ya auna ta, ya ce in riƙa ɗora ta a kan sikeli kowane mako ina rubutawa, kuma in dawo idan ta rasa kusan kashi goma cikin ɗari na nauyinta. Ya kuma sa na auna zafin akwatin, inda na gano cewa ɓangaren ɗumin bai kai digiri 31 zuwa 32 da ake so ba, saboda sanyin Ohio ya fi ƙarfin abin ɗumamawar da nake da shi. Maciji jikinsa ba ya samar da ɗumin kansa, zafin wurin da yake kwance yake bi, kuma idan bai samu zafin da zai narkar da abinci ba, ba zai karɓi abincin ba tun farko. Sau da yawa abin da ake kira ƙin daskararre laifin akwati ne.

Bayan na gyara zafin sai na koma ga yadda take gane abinci. Mesa ba ta dogara da ido sosai. A gefen leɓenta na sama akwai 'yan ramuka a jere masu jin zafin jikin dabba ko a cikin duhu, harshenta kuma yana ɗebo ƙanshi daga iska ya kai wa wata gaɓa da ke rufin bakinta. Ke nan ɗumi da ƙanshi da ɗan motsi su ne ɓera a wurinta. A daren da ta karɓa na jira har ƙarfe goma sha ɗaya, na kashe fitilun ɗakin ban da wata mai rauni a bayana, na busa wa kan ɓeran iska mai zafi da na'urar busar da gashi a kusa da akwatin har ƙanshin ya shiga ciki. Kafin in gama ta riga ta fito da rabin jikinta, wuyanta a lanƙwashe. Na kama ɓeran ta bayan wuya maimakon ta wutsiya, domin ɓera ba ya saukowa daga sama yana lilo, na ja shi a ƙasa a hankali kamar mai wucewa, ina tsayawa ina ci gaba. Ta kai hari da ƙarfin da ya fizge shi daga hantsakin, ta naɗe shi. Na kama ƙafarsa na ɗan jijjiga na wasu daƙiƙoƙi domin kada ta sake shi da wuri, sannan na rufe akwatin na fita. Boback ɗin da na ambata ya nuna a wani binciken na shekarar 2012 cewa maciji mai matsewa yana jin bugun zuciyar abin da ya kama, kuma yakan daɗe yana matsewa idan zuciyar tana bugawa fiye da idan ba ta bugawa, amma ko babu bugun yana kai hari ya naɗe. Wannan ya amsa mini masu cewa daskararre yana kashe wa mesa ɗabi'arta ta farauta. Motsa jikin da take bukata yana samuwa ne daga akwati mai faɗi, da rassan da za ta hau, da maɓoya fiye da ɗaya.

Ba na cewa babu halin da ɓera mai rai zai zama dole. Akwai jinjirin da ya ƙyanƙyashe ya ƙi kowane abinci har ya fara ramewa, akwai kuma babbar da aka kamo daga daji wadda ba ta taɓa ganin farin ɓera irin na kiwo ba. Kafin a kai ga mai rai akwai matakai: a bar mata narkakken a bakin maɓoya ta kwana da shi cikin duhu, a goga masa ƙanshin ɗan tsako ko na shimfiɗar wani nau'in ɓera, a rage girmansa, a gwada wanda aka kashe nan take yana da sauran ɗuminsa. Idan duk wannan bai yi ba, nauyinta kuma yana ta raguwa, likita ya ga babu makawa, to a ba ta ƙarami wanda haƙoransa ba su yi ƙwari ba, mutum yana tsaye da hantsaki a hannu, idan minti goma ko sha biyar suka wuce ba ta kula shi ba a cire shi. Kuma a tanadi keji da abinci da ruwa domin ɓeran da aka ƙi, tunda shi ma ya zama amana a hannun wanda ya saye shi.

Duk wannan na yi shi ne a ƙasar da wutar lantarki ba ta cika ɗaukewa ba, inda ake aiko mini da ɓeraye har ƙofar gida a kwali mai busasshiyar ƙanƙara. Halin ƙanena daban ne, kuma ba zan ce masa ya kwaikwaye ni ba. Firizar da wuta ke ɗauke mata kwana guda ta dawo ta fi rashin firiza haɗari, domin ɓeran zai narke ya fara ruɓewa daga hanji, ya sake daskarewa, a waje kuma ba za a ga alama ba. Shawarar da na ba shi ita ce ya nemi fararen ɓeraye irin waɗanda ake kiwo domin ɗakunan gwaje-gwaje, ya yi musu keji mai tsabta ya riƙa kiwo da kansa, likitan dabbobi ya koya masa yadda ake kashe ɓera nan take ba tare da jan rai ba, ya miƙa wa mesar da hantsaki tun yana da ɗumi. 'Yan tsaki 'yan kwana ɗaya, waɗanda ba sa wuyar samu a Kaduna, suna iya shiga tsakani lokaci-lokaci, kuma mesar da aka kamo daga daji tana iya saurin karɓarsu.

Ɓeran ɗakin hatsi kuwa na hana shi gaba ɗaya, mai rai ko matacce. Ba a san ko ya ci shinkafar ɓera a gidan maƙwabta ba, kuma ɓeran da guba ta fara kamawa shi ya fi sauƙin faɗawa tarko, gubar kuma za ta bi shi har cikin mesar. Yana ɗauke da tsutsotsin ciki da ƙuma. Abin da ya fi waɗannan girma shi ne zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Ɓeran da ke ɗauke da ƙwayar cutar, mai nonuwa da yawa wanda masana ke kira Mastomys natalensis, yana shiga gidaje da rumbuna, kuma ta fitsarinsa da kashinsa da jininsa mutum ke kamuwa, cutar kuma ta fi tashi da rani. Irin wannan ɓera ne masu kiwo a Amurka ke hayayyafawa a keji suna sayarwa domin mesoshin da suka ƙi farin ɓera, saboda yana cikin abincinsu na asali, amma wanda aka haifa a keji tsara bayan tsara ba ɗaya yake da wanda aka ciro daga bayan buhun masara ba. Mutumin da zai riƙa kama irin wannan da hannu duk mako biyu yana kai shi ɗakinsa, lafiyar iyalinsa yake jefawa cikin haɗari, ba ta mesa kaɗai ba.

Shekaranjiya ya sake kirana. Ya samu fararen ɓeraye huɗu, mace uku da namiji ɗaya, ya haɗa musu keji a bayan gida, ya kuma yi wa mesar maɓoya biyu da tukwanen ƙasa da ya fasa wa baki. Ya gwada ba ta ɗan tsakon da ya yanka, ta fito ta shinshina ta koma. Ya ce, "Yaya, mako uku ke nan fa ba ta sa komai a cikinta ba." Na tambaye shi nauyinta, ya ce bai ragu ba tun ranar da ya fara aunawa. Na ce ya daina ɗaukarta yana nuna wa baƙi, ya rufe gefen akwatin da ƙyalle, ya bar ta kwana bakwai cif, sannan ya sake gwadawa bayan sallar isha'i idan gida ya yi shiru.